Likita Bokan Turai: Wa Ake Yi wa Dariya a Asibitin Fim?

Gabatarwa

A unguwar Jakara, dab da Kasuwar Kurmi, akwai wani wuri da tarihinsa ya haɗa abubuwa biyun da wannan maƙala ta ɗauko. A farkon shekarun 1950 aka buɗe sinimar Palace a can, ita ce ta fara kutsawa cikin ganuwa a lokacin da sauran gidajen kallo suka tsaya a Waje. Malamai da dattawan birni ba su yi maraba da ita ba, domin suna ganin ta a matsayin matattarar shashanci. Bayan kimanin shekara talatin, Alhaji Sabo Bakin Zuwo, wanda ya yi gwamnan Kano na wata uku a ƙarshen 1983, ya rufe ta, aka mayar da wurin asibiti. Inda ake bin layin tikiti ya koma inda ake bin layin kati.

Wannan sauyi ya nuna yadda Bakano ya daɗe yana auna wuraren biyu: ɗaya gidan wasa ne da ake zargi, ɗaya kuma gidan ceton rai da ake girmamawa ana kuma tsoro. To, me ke faruwa idan fim ya shiga asibiti da niyyar ba da dariya? Abin da nake son tabbatarwa shi ne, barkwancin asibiti a finafinan Hausa ya gaji hanyoyi biyu masu karo da juna, ta tashe da ta majigi, kuma ya fi karkata ga wadda ta fi rauni. Yana yi wa marar lafiya dariya, yana yi wa sojan gona dariya, amma da wuya ya juya ya dubi asibitin kansa. Zan kwatanta shi da wasan Moliya na Faransa da kuma fim ɗin Indiya mai suna Munna Bhai M.B.B.S. domin a ga abin da ake asara.

Gado Biyu: Tashe da Majigi

Bahaushe bai jira zuwan kyamara ba kafin ya fara yi wa mai magani dariya. Cikin wasannin tashe da yara ke yi da daddare idan azumi ya kai kwana goma akwai Jatau Mai Magani, inda yaro kan rataya tarkacen saiwoyi da sassaƙe da layu, yana lissafa itatuwa da cututtukan da suke warkarwa, abokansa na amsawa. Abin lura shi ne wanda ake kwaikwayo a wasan. Mai maganin ne, mai baki da ikirari, wanda ake zuwa wurinsa da kuɗi da buƙata. Yaro ƙarami ne ke sa rigar babba, a ƙofar gidan manya, kuma manyan su yi dariya su ba da sadaka. Dariyar tashe daga ƙasa take tashi ta nufi sama, kuma ba ta hana wanda ya yi ta komawa wurin mai magani washegari. Tana dai tuna masa cewa mai magani ma mutum ne, yana da ciki da aljihu.

Majigi kuwa ta zo da nata tsarin. Motocin gwamnatin mulkin mallaka, daga baya kuma na gwamnatin Jihar Arewa, sun riƙa zagayawa suna kafa farin ƙyalle a filaye da ƙofofin fada, suna nuna finafinan tsafta da noma da rigakafi, ga mai sharhi yana bayani da lasifika. Wani zubi da finafinan wayar da kai na wancan zamani suka shahara da shi shi ne na mai wayo da wawa. Mai wayo ya kai ɗansa asibiti ya warke, wawa ya tsaya wurin boka ya yi asara. A wannan tsari likita ba ya kuskure, kuma ba a yi masa dariya. Wanda ake yi wa ita shi ne mutumin da bai waye ba. Dariyar majigi daga sama take saukowa, kuma manufarta ita ce mai kallo ya ji kunyar kamanta wawan.

Kirarin da Hausawa suka yi wa likita, wato bokan Turai, ya tsaya ne tsakanin waɗannan hanyoyi biyu. Yabo ne, domin ya amince cewa likita na warkarwa. Gugar zana ce kuma, domin ya zaunar da shi a tabarma ɗaya da boka, ya nuna cewa farar riga da abin sauraron ƙirji su ma kayan aiki ne irin su ƙwarya da buzu. Duk wani barkwancin asibiti da za a yi da Hausa daga cikin wannan kirari zai fito, ko ya ɗauki ɓangaren yabon ko na habaicin.

Asibitin Camama

Tun daga Turmin Danya na 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa, asibiti bai taɓa yin nisa da kyamara ba. A finafinan soyayya da na rikicin gida, likita ɗan aike ne kawai. Yakan fito daga ɗaki, ya zare tabarau, ya girgiza kai, ya sanar da hawan jini ko juna biyu ko rasuwa, sannan labari ya ci gaba ba tare da shi ba. Ba shi da gida, ba shi da gajiya, ba shi da albashin da ya makara. Marubucin fim na buƙatarsa ne kamar yadda yake buƙatar wasiƙa ko kiran waya.

A finafinan barkwanci, waɗanda aka fi sani da camama, lamarin ya fi rai. Wannan fage ne da marigayi Rabilu Musa Ibro ya mamaye har zuwa rasuwarsa a watan Disamba na 2014, kuma irin su Bosho da Daushe da Naburaska suka ci gaba da riƙe shi. Wanda ya saba kallon irin waɗannan finafinai zai shaida cewa fitowar asibiti takan bi ɗayan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta baƙauye a gaban likita: an tambaye shi abin da ke damunsa ya faro daga tarihin kakansa, an ce ya sha ƙwaya biyu sau uku ya haɗiye duka a zama ɗaya, ya ga allura ya tsallake taga. Ta biyu ita ce ta sojan gona: wani mayunwaci ya tsinci farar riga, ya rataya abin sauraron ƙirji, ya ɗora shi a goshi ko a gwiwa, yana zuba Turancin da babu shi a kowane ƙamus, yana karɓar kuɗi.

Ba za a musa cewa akwai gwaninta a nan ba. Ƙarfin camama a harshe yake. 'Yan wasanta sun san karin maganar ƙauye da na birni, sun san yadda kalmar Turanci ke karyewa a bakin Bahaushe ta haifi wata ma'ana, kuma yawancin maganganunsu a take suke ƙirƙirar su. Fitowar asibiti na ba su dama mai kyau, domin asibiti wuri ne da harsuna biyu ke haɗuwa ba tare da sun fahimci juna ba. Marar lafiya ya zo da shawara da basir da sanyi da daji, likita kuma yana da nasa sunayen a takarda, kuma ma'anonin ba sa hawa kan juna daidai. Wanda ya ce yana fama da sanyi yana iya nufin abu biyar. Wannan giɓi gaskiya ne, duk wanda ya taɓa raka tsohuwa ganin likita ya san shi, kuma camama ta gano shi.

Matsalar ita ce inda ake ajiye laifin giɓin. A hanya ta farko, baƙauye ne kullum ba ya ganewa. Ba a cika nuna likitan da ya kasa yin bayani da harshen da za a fahimta ba, ko wanda ya rubuta magani kansa a sunkuye bai ɗago ya dubi fuskar mai magana ba. Wannan wawan majigi ne aka sake ɗinka masa riga. Mai kallo a birni ya yi dariya ya ji daɗin cewa shi ya waye, mai kallo a ƙauye kuma ya koyi cewa yin tambaya a gaban likita abin kunya ne. Hanya ta biyu ta fi kusa da tashe, tunda mai farar riga ake kwaikwayo, kuma tana taɓa wata cuta ta gaske, wato likitocin bogi da masu kemis da ke yin allura da ƙarin ruwa a bayan kanta. Sai dai ita ma tana da mafaka. Da zarar an tona asirin sojan gona, likitan gaske ko ɗan sanda ya bayyana, komai ya koma daidai. Saƙon shi ne cewa asibiti lafiya lau yake, baƙo ne ya shigo ya ɓata shi.

Moliya da Munna

A 1666 Moliya ya gabatar da wasansa na likitan dole, inda wani mai saran itace, Siganarel, ya sha duka har ya amsa cewa shi likita ne. Aka kai shi ya duba wata budurwa da ta daina magana, alhali kuwa ƙarya take yi don guje wa auren da mahaifinta ya shirya mata, labarin da ba zai zama baƙo ga mai karatun littattafan Hausa ba. Siganarel ya yi ta zuba Latin na ƙarya, har ya sauya wa zuciya da hanta mazauni, kuma aka gaskata shi. A zahiri wannan sojan gonan camama ne. Bambancin shi ne, Moliya ya shirya wasan ta yadda mai kallo zai fita yana tambayar kansa: idan mai saran itace zai iya wucewa a matsayin likita da riga da baƙin harshe kawai, to me likitocin gaske na zamanin suke da shi fiye da haka? Sojan gonan ya zama madubin masu sana'ar. Moliya bai sake su ba har ƙarshen ransa, domin a 1673 ya rasu sa'o'i kaɗan bayan ya fito a wasansa na mai ciwon ƙarya.

Misalin da ya fi kusa da mai kallo a Kano, inda finafinan Indiya suka yi shekaru aru-aru suna da gindin zama, shi ne Munna Bhai M.B.B.S. na 2003, wanda Rajkumar Hirani ya ba da umarni, Sanjay Dutt ya fito a matsayin tauraro. Munna ɗan daba ne a Mumbai da ya yi wa iyayensa ƙaryar cewa shi likita ne, har yakan mayar da maɓoyarsa asibitin bogi idan za su kawo ziyara. Da Dakta Asthana ya tona shi ya kunyata mahaifinsa, sai ya yi maguɗin jarrabawa ya shiga makarantar likitanci da Asthana ke shugabanta. Har zuwa nan, labarin sojan gona ne kamar kowane.

Daga nan ne fim ɗin ya juya kyamara. Jahilcin Munna ya zama fitilar da ke haska abin da masu ilimi suka daina gani. Shi ne ya tambaya ko dole ne sai an cike takarda kafin a duba mutumin da ke bakin mutuwa. Shi ne ya ƙi yarda a riƙa kiran wani marar lafiya da ya daɗe ba ya motsi da sunan abin nazari, ya dage cewa sunansa Anand. Shi ne ya tsaya ya gode wa dattijon da ke share asibitin, wanda shekara da shekaru ba wanda ya kula da shi. Kowace daga cikin waɗannan fitowa tana ba da dariya, amma wanda dariyar ke faɗa wa a kai shi ne tsarin da ya mayar da mutum lambar gado. Ko Asthana ba a mayar da shi dodo ba. Ƙwararre ne da ya yi imani cewa kusantar marar lafiya na sa hannun likita rawa, kuma fim ɗin ya bar shi ya faɗi hujjarsa.

Fim ɗin na da nasa rauni. Ya ba runguma da tausayi ƙarfin da ya wuce kima, har mai kallo zai iya zaton kyakkyawar zuciya na iya maye gurbin shekarun karatu, kuma ya wuce ta kan maguɗin jarrabawa kamar abin wasa. Amma ya tsare kansa a wurare biyu. Saurayin nan Zahir mai ciwon daji ya mutu duk da ƙaunar da Munna ya nuna masa, kuma Munna bai zama likita ba a ƙarshe. Fim ɗin bai ce ilimi banza ne ba. Cewa ya yi ilimin da ya manta sunan marar lafiya bai cika ba.

Hujjar Masu Cewa a Bar Likita

Akwai masu ganin cewa kiran a juya dariya kan asibiti ganganci ne, musamman a Kano, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana cikin wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce sanadi, iyaye da gwamnati suka ce ba a nemi izini yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. A 2003 kuma aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar saboda zargin da ya bazu a kansa, ba a dawo da shi ba sai tsakiyar 2004, bayan cutar ta tsallaka zuwa wasu ƙasashe. A garin da amana tsakanin jama'a da farar riga ta taɓa tsinkewa haka, in ji masu wannan ra'ayi, duk fim ɗin da ya rage wa likita kwarjini yana iya hana wata uwa kai ɗanta asibiti. Suna ƙarawa da cewa likitan da ke duba dogon layi shi kaɗai, wanda abokan karatunsa suka tafi Saudiyya da Ingila, bai cancanci a saka masa da zambo ba.

Na yarda da rabin wannan magana. Barkwancin da zai nuna allurar rigakafi a matsayin makirci, ko ya nuna cewa shiga asibiti daidai yake da shiga kabari, guba ne, kuma bai kamata a kare shi da sunan fasaha ba. Amma tarihin da aka kawo hujja da shi yana koyar da akasin abin da ake so ya koyar. Ba dariya ce ta tsinka amana a 1996 da 2003 ba. Abin da ya tsinka ta shi ne jin da mutane suka yi cewa ana yin abu a jikinsu ba tare da an yi musu bayani ba, kuma ba su da bakin tambaya. Fim ɗin da ke koya wa talaka cewa tambayarsa wauta ce yana ƙara wa wannan ciwo gishiri. Wanda aka hana shi tambaya a ɗakin likita zai je ya yi ta a majalisa, inda mai amsawa ba shi da ilimin komai sai jita-jita.

Game da likitan da ya gaji kuwa, barkwanci mai kyau abokinsa ne. Finafinan Ingila irin su Doctor in the House na 1954 da Carry On Nurse na 1959 sun yi wa manyan likitoci masu tsawa da shugabannin nas-nas masu tsanani dariya a shekarun farko na tsarin kiwon lafiya na kyauta da aka kafa a 1948, kuma mutanen ƙasar ba su guji asibiti saboda haka ba. M*A*S*H na 1970 ya nuna likitocin soja suna shaƙiyanci a bakin teburin tiyata, mai kallo kuma ya fahimci cewa shaƙiyancin ne ke hana su haukacewa a tsakiyar yaƙi. Likitan da aka nuna yana hamma, yana rigima da mai gadi, yana lissafin kuɗin makarantar 'ya'yansa, ya fi kusa da zuciyar mai kallo fiye da gunkin da ke zare tabarau ya ce sai haƙuri.

Dalilan Kaucewa

Adalci ne a tambayi abin da ya sa camama ba ta bi wannan hanya ba. Dalili na farko kuɗi ne. Fim ɗin da ake ɗauka cikin 'yan kwanaki ba shi da halin gina asibiti, sai dai a ari ɗaki ɗaya da gado ɗaya, kuma wanda ya ari ɗakin mutum ba ya zagin mai ɗakin. Na biyu rubutu ne. Barkwancin da ya dogara ga hazaƙar ɗan wasa a take yana iya haifar da fitowa mai daɗi, amma sukar tsari na buƙatar marubucin da ya zauna ya lura, ya shirya yadda kati da layi da kantin magani za su haɗu su zama labari. Na uku tsoro ne. Tun kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001 masu sana'ar ke taka-tsantsan, kuma ɗaurin da aka yi wa Ibro kansa a 2008 ya nuna musu cewa shahara ba ta hana shiga gidan yari. Baƙauye ba shi da ƙungiya, ba shi da lauya, don haka shi ne nama mai sauƙin yanka.

Waɗannan dalilai suna bayyana matsalar, amma ba su wanke ta ba, musamman yanzu da finafinai masu dogon zango suka samu gindin zama. Daɗin Kowa da Gidan Badamasi sun nuna cewa mai kallon Hausa na iya bin mutane da yawa a wuri ɗaya tsawon shekaru, yana dariya yana kuma gane kansa. Asibiti ya fi kowane wuri dacewa da irin wannan zubi. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata da hantsi ya san cewa duk Kano na wucewa ta nan: attajiri da almajiri, 'yan dubiya da kwanukan abinci, mai jinya da tabarmarsa da butarsa, kishiyoyi biyu a kan gadon miji ɗaya, surukar da ta ɓoye rubutu a cikin jaka don a haɗa da maganin likita. Kayan labari a zube suke, mai tsincewa ake jira.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sawun barkwancin asibiti daga dandalin tashe da filin majigi zuwa faifan camama, ta kuma auna shi da ayyukan da suka yi amfani da sojan gona wajen bincikar masu sana'ar kansu. Ma'aunin da na yi amfani da shi guda ne: idan an gama dariya, wa ya ƙanƙance? Idan marar lafiya ne, to fim ɗin ya ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi, kuma ya ƙara nisan da ke tsakanin gado da teburin likita. Idan kuwa girman kai ne ya ƙanƙance, ko takardar da aka fifita a kan rai, ko sakacin da ya bar likita ɗaya da layin mutum ɗari, to likita da marar lafiya za su iya zama a benci ɗaya su kalla. Yaran da ke wasan Jatau Mai Magani a lungunan Jakara da Mandawari sun daɗe da sanin wanda ya kamata a kwaikwaya. Abin da ya rage shi ne masu kyamara su koma su ɗauki darasi a wurinsu.